Daga Akwatin Fartanya Zuwa Dangwale: Waiwaye Kan Lalatattun Ƙuri'u

Magabatanmu sun ba mu labarin zaɓen tarayya na 1959. A wancan zamani ba a san dangwale ba. Kowane ɗan takara yana da akwatinsa a cikin ɗaki, an manna masa alamar jam'iyya: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU. Mutum zai shiga shi kaɗai ya jefa takardarsa inda ransa ya kwanta. Maza kaɗai ke yi, domin matan Arewa ba su sami damar zaɓe ba sai a 1976. Duk da sauƙin tsarin, dattawa sun ce akwai waɗanda suka ɗora takardar a kan akwati suka fito, suna ganin sun gama.

A 1979, lokacin ƙasar Haɗejiya tana cikin Jihar Kano, ƙuri'unmu suka shiga tsakiyar gardama mafi girma da aka taɓa yi kan lissafin zaɓe a Nijeriya. Doka ta ce sai ɗan takarar shugaban ƙasa ya sami rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi 19. Alhaji Shehu Shagari ya samu a jihohi 12, amma a Kano, inda mabuɗin PRP ya yi rinjaye, ya tsaya a kashi 19.94 cikin ɗari. Lauyansa Richard Akinjide ya ce biyu bisa uku na 19 shi ne 12 da biyu bisa uku, ba 13 ba. Saboda haka a auna ƙuri'un Shagari da kashi biyu cikin uku na ƙuri'un Kano kawai. Ranar 26 ga Satumba, 1979, Kotun Ƙoli ta amince. Na daɗe ina ba 'yan aji shida wannan lissafi idan muka zo darasin kasafi, kuma ban taɓa samun ajin da bakinsa ya zo ɗaya ba.

Zaɓen ƙananan hukumomi na Disamba 1990 ya kawo bin layi. Masu doki su tsaya nan, masu mikiya su tsaya can, a ƙirga kawuna. Babu ƙuri'ar da ta lalace, sai dai zumunci ya lalace, domin suruki yana kallon layin da surukinsa ya bi.

Da aka koma ga dangwale a asirce, mu malaman makaranta aka riƙa ɗauka aikin rumfa, kuma a nan idona ya buɗe. An taɓa tura ni wani ƙauye na bakin fadama a zaɓen kansila. Masunci ya zo da babban yatsa wanda ruwa da igiyar koma suka cinye zanensa, sai ya laƙaba tawada da yawa don ta fito. Ya dangwala daidai, ya ninke takardar gida biyu tun tawadar ba ta bushe ba, sai tambarin ya fito a gaban wata jam'iyyar. Wata tsohuwa ta dangwala a kan layin da ya raba gida biyu. Wata kuma ta dangwala wa mutum biyu, wai dukkansu 'ya'yanta ne, ba ta son ta ɓata wa kowa. Da yamma wakilan jam'iyyu suka yi ta musu a kan kowace takarda, muna ɗaga ta a hasken fitila. Da aka haɗa sakamakon mazaɓar, ƙuri'un da aka ware sun fi tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu. Har yau ba zan iya rantsuwa a kan wanda mutanen nan suka fi so ba.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan matsalar ƙauye ce. A zaɓen shugaban ƙasa na 2019, da 'yan takara 73 suka cunkushe a takarda ɗaya, an ƙi ƙirga ƙuri'u 1,289,607. A shekarar ce kuma aka ce zaɓen gwamnan Kano bai kammalu ba, domin tazarar 26,655 da Abba Kabir Yusuf ya bayar ba ta kai yawan masu zaɓe a rumfunan da aka soke ba. Da aka sake a waɗannan wurare, Abdullahi Ganduje ya wuce da 8,982. A Satumba 2023 kotun sauraren ƙararrakin zaɓe ta cire wa Abba ƙuri'u 165,663 saboda babu hatimi da sa hannu a bayansu, laifin da ba na mai zaɓe ba ne. Sai a 12 ga Janairu, 2024 Kotun Ƙoli ta mayar masa da su.

In har kujerar gwamna za ta rataya a kan hatimi, ina ga ta kansila a Guri, Auyo ko Kiri Kasamma, inda gida goma kan raba gardama? 'Yan uwa mazauna Kano, Kaduna da Abuja kukan cika motoci ku zo gida zaɓe, amma da yawanku kuna kama hanya kafin la'asar, alhali a lokacin ake fara ware takardu. Ni dai abin da nake yi a gidana daren jajibiri shi ne in zana gidaje a takarda, in kawo shuni, kowa ya gwada: a duba hatimi a baya, yatsa ɗaya a tsakiyar gida ɗaya, a jira ya sha iska, sannan a naɗe a tsaye.