Ciwon cikin yara da awo ba ya gani

Akwai yaran da ke fama da ciwon ciki wata da watanni, ko taurin bahaya, ko zawo da kumburi, alhali awon jini da na kashi ba su nuna komai ba. Likitoci na cewa hanjin lafiyarsa ƙalau, aikinsa ne ya rikice. Tun 2016, ƙa'idojin Roma IV ke kiran wannan rukuni rikicewar hulɗa tsakanin hanji da ƙwaƙwalwa. Abin ba sabo ba ne: a 1958 likita John Apley ya binciki ƴan makaranta 1000 a Bristol ta Ingila, ya tarar kusan ɗaya cikin goma na da ciwon ciki mai komowa.

Hanji na da nasa jijiyoyin, kuma saƙo na kai-komo tsakaninsu da ƙwaƙwalwa. Tsoron malami, rigimar gida ko rabuwar iyaye kan sa hanji ya ji zafin abin da da ba zai ji ba. Ciwon kuma, in ya daɗe, shi ke haifar da fargaba, ƙunci, fushi, rashin barci da ƙin zuwa makaranta. Don haka damuwa ta fi yawa a cikin waɗannan yara, kuma zafin da suke ji na gaske ne.

Wanda aka fi zalunta shi ne yaro mai ɓata wando. Sau da yawa kashi ne ya taru ya yi tauri, mai ruwa ya zubo ta gefe ba da saninsa ba. Yakan fara ne daga riƙe bahaya, don salangar makaranta ba ta shiguwa ko don ya taɓa jin zafi. Duka da gori sai dai su ƙara masa riƙewa. Maganinsa: abin sassauta ciki irin su macrogol na tsawon watanni, ruwa, ganye, da zaman salanga bayan cin abinci.

A Nijar dole ma'aikacin CSI ya fara kawar da tsutsar ciki, amiba, taifod, maleriya da sikila. Jini a kashi, rama, zazzaɓi, amai kore ko ciwon da ke tada yaro daga barci na buƙatar likitan yara.

In awo ya fito lafiya, a gaya wa yaro an yarda da ciwonsa, ya koma aji. Yawan tambayarsa "yaya cikin?" na ƙara ciwon, shagaltar da shi na rage shi.