Yadda ake tsare bakin igiya kada ta warware

Igiya daga baki take fara lalacewa. Yawanci sili biyu ko uku ake tufkawa wuri ɗaya, kuma murɗin ne ke riƙe su. Da an yanke ta aka bar bakin haka nan, sai murɗin ya saki, ta dinga warwarewa kaɗan-kaɗan. Ƙarshenta guga ta faɗa rijiya, ko akuya ta kwance daga turke ta shiga gonar maƙwabci da damina, a koma biyan ɓarna.

Maganin ya danganta da irin igiyar.

Igiyar kaba, ta rama da ta ɓawon kuka ba su narkewa. In ka sa musu wuta, ƙonewa kawai za su yi. Naɗi ya dace da su. A samu zare mai ƙarfi, a lanƙwasa shi a kwantar bisa bakin igiyar, a naɗe tamau, zagaye kusa da zagaye, har tsawon naɗin ya kai kaurin igiyar ko ya ɗan fi. Sai a sa bakin zaren cikin lanƙwasar, a ja ɗaya bakin har ya shige ƙarƙashin naɗin, a yanke saura. Masu tufka kuma kan warware silin kamar tsawon taƙi ɗaya, su mayar da kowane cikin jikin igiyar sau uku. Wannan ya fi daɗewa, amma bakin yakan yi kauri.

Igiyar roba ita ce ke son wuta. A kanga bakin ga ashana, ko a yanka da wuƙa mai zafi, silin su narke su haɗe. Kada a taɓa da yatsa, don narkakkiyar roba tana manne wa fata ta ƙona. A yi nesa da zana da kara, kada kuma a shaƙi hayaƙin.

In ana gaggawa, ƙulli ɗaya a baki ya isa, sai dai yana hana igiya shiga ƙaramar kafa.

Kafin a yanke sabuwar igiya, a ɗaure gefe biyu na wurin yankan tukuna. Bayan aiki a shanya ta kaba ko ta rama, a rataye ta saboda gara. Ta roba kuwa a ajiye ta inuwa, rana ce ke cinye ta.