Sarakunan Teku: Mulkin da Ba Ya Tsaye a Kan Ƙasa

A hikayoyin mutanen arewacin Turai akwai wasu jarumai da ake kira sarakunan teku. Ba su da gari, ba su da gona, ba su karɓar haraji. Jiragen ruwa da mayaƙa su ne dukan mulkinsu. Snorri Sturluson, marubucin ƙasar Aislan da ya rasu a 1241, ya bayyana a Ynglinga saga cewa wanda ya cancanci wannan suna shi ne wanda bai taɓa kwana a ƙarƙashin rufin ɗaki ba.

Haki ne fitaccensu. An ce ya kashe Sarki Hugleik a filin Fyrisvellir kusa da Uppsala, ya riƙe Suwidin shekara 3. Da ya ji mummunan rauni a wani yaƙi, sai ya sa aka loda gawarwakin mayaƙansa da makamai a jirgi, aka kwantar da shi a kai, aka cinna wuta, iska ta ja jirgin yana ci cikin teku.

Masana da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin almara, kuma suna da hujja: an rubuta labarin ne ɗaruruwan shekaru bayan zamanin da yake magana a kai, kuma babu wata shaida ta zamanin da ta tabbatar Haki ya taɓa rayuwa. Amma jefar da hikayar gaba ɗaya kuskure ne, domin ƙasa ta fara ba da tata shaidar.

A 2008 da 2010, a ƙauyen Salme na tsibirin Saaremaa a Istoniya, an tono jirage biyu ɗauke da gawarwakin maza 41 da aka binne wajajen shekara ta 750. An jera su tare da takubba da garkuwoyi da 'ya'yan dara, ƙasusuwan wasu na ɗauke da sarar makami. Binciken haƙoransu ya nuna daga tsakiyar Suwidin suka fito, binciken DNA kuma ya nuna huɗu daga cikinsu 'yan'uwan juna ne. An binne su ne kusan shekara 40 kafin harin da mayaƙan teku na arewacin Turai suka kai Lindisfarne a 793. Sannan a 922 Ahmad ibn Fadlan, jakadan halifan Bagadaza, ya ga da idonsa yadda mutanen Rus, waɗanda ake danganta asalinsu da arewacin Turai, suka ƙone wani shugabansu a cikin jirgi a bakin kogin Bolga.

Abin da waɗannan shaidu ke nunawa shi ne tsari na gaske: shugaba yana riƙe jama'arsa ne da ganima da kyauta, ranar da hannunsa ya bushe kuwa su watse su bi wani. Sunan Haki na iya zama ƙirƙira, amma irin sarautar da labarinsa ke kwatantawa ta wanzu, kuma da wannan ido ya kamata masu nazarin tarihi su karanta hikayoyin.