Daga Duro zuwa Galan: Tarihin Baƙin Mai a Hanyar Kazaure

A bakin titin da ya taso daga Kano ya ratsa Kazaure ya nufi Daura, da wuya a yi tafiya mai nisa ba a ga rumfar mai baƙin mai ba. Galan-galan jere a kan katako, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, gefe guda ga duro da mazurari da tsofaffin robobin ruwa da aka cika da mai don masu babur. Haka abin yake a tashar Babura, haka yake a Roni da Gwiwa, sai dai yawan kayan ya bambanta. A 'yan shekarun nan wani baƙon galan ya shigo sahu, mai tsada, wanda ake kira sintetik, kuma ya raba kan direbobi da kanikawa. Wasu na cewa shi ne gatan inji, wasu kuma na rantsuwa cewa ajalin tsohuwar mota ne.

Wannan gardama tana da tushe, kuma tushen yana cikin irin injunan da yankin ya saba da su.

Kafin mota, jakai da raƙuma da takarkarai ne suke ɗaukar kaya tsakanin Kano da Daura da Damagaram. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, sai aka buƙaci abin da zai kwaso buhuna daga ƙauyuka ya kai su bakin dogo. Manyan motoci ne suka karɓi wannan aiki sannu a hankali, su ne kuma suka ƙara buƙatar baƙin mai a ƙasar nan. Kamfanonin Turawa irin su Shell da Mobil da Texaco da BP suke shigo da shi a duro. Man wancan zamani mai kauri ɗaya ne, wato SAE 30 ko SAE 40, kuma ya dace da injunan lokacin, waɗanda ba su da saurin juyi kuma akwai 'yar tazara tsakanin ƙarafansu. Daga nan kanikawan farko suka koyi darasin da ake gadonsa har gobe: mai nagari shi ne mai jiki. Bakanike zai ɗiga shi a ɗan yatsa, ya murza da babban yatsa, ya buɗe a hankali ya ga ko zai yi zare.

Shekarun 1970 zamanin Fijo ne. Kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma 504 ta zama motar gwamnati, motar sarakuna, motar haya. Akori-kurarta ce ke kwasar hatsi da awaki zuwa kasuwannin ƙauye. A 1980 aka buɗe matatar mai ta Kaduna, a 1983 kuma aka ƙara mata sashen da ke fitar da gundarin man inji da kwalta da kakin kyandir. Wannan sashe da ɗanyen mai na ƙasashen waje yake aiki, saboda namu na Najeriya mara nauyi ne, ya fi dacewa da fetur da kananzir. A wannan zamani ne 20W-50 ya zama abin da kowa ya sani. Lambar farko tana nuna yadda man ke gudana da sanyi, ta biyu kuma kaurinsa idan inji ya ɗau zafi. A ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40, ga lodi fiye da ƙima, wannan mai ya yi wa Fijo rana ƙwarai, babu mai musu.

Daga 1986, da tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida ya karya darajar naira, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci da ɗan kasuwa. Sai aka koma ga 'yar Kwatano, wadda wasu ke kira Beljiyom: motar da ta gama aikinta a Turai, aka sauke ta a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ta biyo ta Jamhuriyar Nijar ta shigo arewa. Garuruwan da ke kusa da iyaka, irin su Babura da ke fuskantar Magarya, sun san wannan zirga-zirga tun kafin a ƙirƙiri jihar Jigawa a 1991. Golf da Vectra da Sharon da Hiace suka cika tasha. Ko da gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu daga Janairun 2017, ta kuma rufe iyakokin daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, tsofaffin motoci ne dai suka ci gaba da riƙe sufurin yankin. A Amurka, motar da ta wuce mil 75,000, wato kimanin kilomita 120,000, ana lissafa ta cikin masu dogon zango, har da mai na musamman ake sayar mata. A nan kuwa da yawa daga inda suka kai haka ne suke fara rayuwa.

Matsalar ita ce injuna sun canza, al'adar juyen mai kuwa tana nan inda take. Corolla ta 2003 zuwa 2008, wadda ta cika hannun ma'aikata da malaman makaranta, 5W-30 aka rubuta mata, waɗanda suka biyo bayanta ma wasu 0W-20 suke nema. Irin waɗannan injuna suna da ƙananan hanyoyin mai, kuma da ƙarfin man ne na'urar da ke daidaita buɗewar bawul take aiki. Idan aka ɗura musu mai kauri irin na Fijo, da asubar hunturu man yakan yi jinkirin hawa saman inji, kuma a 'yan daƙiƙun nan ne ƙarfe ke cin ƙarfe.

Sintetik kuwa ba sabon abu ba ne a duniya. Masana kimiyya a Jamus sun yi aiki a kansa tun shekarun 1930, kuma injunan jiragen sama suka fara cin moriyarsa. A 1974 Mobil 1 ya fito kasuwa don motoci. Bambancinsa da man gargajiya shi ne ana haɗa shi ko a tace shi har ƙwayoyinsa su zo kusan bai-ɗaya, don haka ya fi jure zafi, ba ya saurin ƙonewa ya bar dauɗa, ba ya kuma saurin daskarewa da sanyi. Tsoron da ake yi masa ma yana da asali. Wasu daga cikin na farkon sun riƙa sa robobin da ke tare mai su tsuke, sai inji ya fara yoyo. An daɗe da gyara wannan ta hanyar sinadaran da ake haɗawa, amma labarin ya riga ya zaga duniya, ya iso garejin Kazaure.

Akwai kuma abin da bakanike ke gani da idonsa, kuma ba ƙarya yake yi ba. Injin da ya shekara goma yana shan mai mara kyau, cikinsa cike yake da daskararren datti, kuma wani lokaci wannan datti ne ya toshe robar da ta riga ta tsage. Sabon mai mai ƙarfin wanki ya narkar da shi, sai ɗiga ta bayyana a ƙasan mota, filta ta cika kafin lokaci. Kamar ginin da yaɓe ya ɓoye wa tsaga ne, ruwan sama ya zo ya tona. Direba ya dawo yana cewa, "Oga, man nan ya kashe mini inji," alhali robar ta daɗe da mutuwa. Haka kuma injin da ringinsa ya cinye, wanda salansarsa ke fitar da shuɗin hayaƙi, babu man da zai mayar da shi sabo. Wurinsa hannun mai gyara da kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, inda kanikawan yankin ke sayo kayan gyara.

Abin da ya fi sintetik kashe injuna shi ne jabu. Tun da matatar Kaduna ta daina aiki yadda ya kamata, kusan duk gundarin man da ake amfani da shi daga waje ake shigo da shi. Kamfanoni masu lasisi, irin su Ammasco a Kano da Lubcon a Ilori, suna haɗa shi da sinadarai kafin su zuba a galan. Wasu kuwa haka nan suke sayar da shi tsurarsa a duro, ko su cika tsohon galan mai suna su liƙe baki. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta sha kama irin waɗannan kaya. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kuma naira ta sake faɗuwa, kuɗin galan ya yi tashin gwauron zabo, mutane da yawa suka koma man awo. Ɗan acaɓa mai Boxer, da mai injin ban-ruwa a gefen dam ɗin Kazaure, da mai injin niƙa a ƙauyukan Gwiwa, su ne suka fi shan wannan wahala, domin su ne ke sayen kwalba-kwalba.

Tsohon man da aka juye ma yana da kasuwarsa. Ana shafa wa katakon rufi don gara, ana shafa wa ma'aunin buga bulo. Sauran kuma a ƙasa yake ƙarewa, ya baƙanta filin gareji, damina ta wanke shi zuwa kududdufi.

Mai tsohuwar mota da ke son komawa sintetik ba ya buƙatar jin tsoro, matuƙar injinsa ba ya shan mai kuma ba ya yoyo. Ya duba lambar da aka rubuta a murfin mai ko littafin motar ya bi ta, ya canza filta tare da man, ya yi juyen farko da wuri, ya riƙa zaro gejin mai kowace safiya. Kada kuma ya ruɗu da dogon zangon da aka rubuta a jikin galan, domin ƙurar hunturu da hanyoyin burji na Roni da Gwiwa suna gajarta shi. Mai babur ya nemi wanda aka rubuta wa 4T, saboda man mota yana iya sa kulocinsa santsi.

Sauran aikin na shugabanni ne. Kazaure tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, tana da ƙungiyar direbobi da ta kanikawa. Ya kamata su haɗa kai su koya wa yaran gareji karanta lambobin da ke jikin galan, hukumomi kuma su riƙa leƙa rumfunan ƙananan garuruwa kamar yadda suke leƙa na Kano.