Abin da ya kamata a sani game da inganta kula da jarirai a asibiti

Kwanaki 28 na farko su ne mafi hatsari a rayuwar ɗan Adam. Binciken lafiyar al'umma da aka gudanar a Najeriya a 2018 ya nuna cewa jarirai 39 cikin kowane 1,000 da aka haifa da rai suna rasuwa kafin su cika wata guda, alhali burin da ƙasashen duniya suka sa a gaba shi ne adadin ya sauko zuwa 12 nan da 2030. Manyan dalilan guda uku ne: haihuwar bakwaini, sarƙewar numfashi lokacin haihuwa da kamuwa da ƙwayoyin cuta.

Jaririn da ya shiga ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli ana kwantar da shi a sashen kula da jarirai na musamman, inda ake da kwalabe masu ɗumi, iskar oksijin da fitilar maganin shawara. Sai dai asibitoci biyu kan mallaki kayan aiki iri ɗaya, amma yawan jariran da ke fita da rai ya bambanta. Wannan bambanci ne likitocin yara ke ƙoƙarin rufewa ta hanyar abin da ake kira inganta ingancin aiki.

Yadda tsarin yake

Tsarin ya faro ne daga masana'antu kafin ya shigo asibiti, kuma ɗan kasuwa zai gane shi nan take, domin wanda ba ya rubuta shige da fice ba ya sanin inda riba ke zurarewa. Likitan da ke jagorantar sashe yakan haɗa ma'aikatan jinya, ungozomomi, mai ajiye bayanai da mai gyaran na'urori, su zaɓi matsala ɗaya tak. Alal misali, jarirai nawa ne ke isowa jikinsu ya yi sanyi? Zafin jikin jariri ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5 a ma'aunin Salshiyos. Sai a riƙa auna kowane jariri a ƙofar shiga, a rubuta, a gwada gyara ɗaya, kamar rufe tagogin ɗakin haihuwa ko sa wa jariri hula, a sake ƙirgawa bayan 'yan makonni. Idan gyaran ya yi amfani ya zama doka, idan bai yi ba a gwada wani.

Akwai kuma bitar mace-mace, wadda Najeriya ta sanya cikin tsarinta na sa ido kan mutuwar mata masu juna biyu da jarirai. Ana zama a bi diddigin kowace rasuwa, daga gida zuwa hanya zuwa gadon asibiti, bisa ƙa'idar cewa ba a kama suna kuma ba a ɗora wa mutum laifi. Dalili kuwa, ma'aikacin da ke tsoron hukunci yakan ɓoye kuskure, kuskuren da aka ɓoye kuma yakan maimaita kansa.

Abin da likitoci suka gwada

A 1978, a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, ƙarancin kwalabe ya sa Dakta Edgar Rey ya fara ɗora bakwaini a ƙirjin uwa, fata da fata, a ɗaure shi da zane. An sa wa dabarar sunan kangaru, dabbar da ke renon ɗanta a cikin aljihun cikinta. Daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranci gwaji a ƙasashe biyar, wato Ghana, Indiya, Malawi, Tanzaniya da Najeriya, inda aka yi shi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Sakamakon da aka fitar a 2021 ya nuna cewa fara wannan reno nan take, ga jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8, ya rage mutuwa da kashi 25 cikin 100. A watan Nuwamba na 2022 hukumar ta mayar da shi shawararta ga duk duniya.

A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, likitocin jarirai sun yi amfani da na'urar numfashi mai kumfar ruwa da ake kira CPAP, wadda ke tura iska a hankali ta hanci don kada huhun bakwaini ya shafe, suka kuma wallafa abin da suka gani cikin shekara guda. A Jihar Sakkwato kuwa, a 2013 aka fara raba man cibiya na kuloheksidin a cikin al'umma domin kare jarirai daga cutar da ke shiga ta cibiya.

Daga Tsiga zuwa gadon asibiti

Aikin sashen jarirai yana farawa ne tun kafin jariri ya iso. Wanda aka haifa a Tsiga, cikin Ƙaramar Hukumar Bakori, idan ya sami matsala akan nufi Babban Asibitin Funtuwa ko na Malumfashi da shi. Idan abin ya fi ƙarfinsu, sai Shika a Zariya, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Turai 'Yar'aduwa a Katsina. Bakwainin da aka yi wa wanka da asubar hunturu, aka naɗe shi a zane ɗaya aka hau babur, zai isa jikinsa ya huce, kuma sanyi yana ƙone sukarin jininsa ya tsananta wahalar numfashi. Shi ya sa ma'aunin zafi na ƙofar shiga yake zama shaida kan dukkan tafiyar, ya nuna wa likita ko gyaran na ɗakinsa ne, ko na ƙaramin asibitin da ya turo, ko na gida.

Abin da ya rage ga iyali

A jinkirta wankan farko har bayan awa 24. A goge jariri a busar da shi, a ɗora shi a ƙirjin uwa, a ba shi nono cikin awa ɗaya. Idan tafiya ta kama, a yi ta yana manne da fatar uwarsa ko ta kakarsa, da hula a kansa. Kada a sa wa cibiya toka ko man goge baki, kuma man kuloheksidin kada ya kusanci ido. A nisanta kafur daga kayan jariri, domin yana iya tayar da shawara mai tsanani. Jaririn da ya ƙi kama nono, ko yake numfashi da ƙyar, ko idonsa ya yi rawaya, ko yake jijjiga, ba a jiran ranar suna da shi.

Mai jinya kuma yana da damar tambayar ma'aikata zafin jikin jaririnsa da nauyinsa na yau, da ko an yarda uwa ta shiga ta ɗora shi a ƙirji. A sashen da ake aiki da ƙirga, amsar tana rubuce a takardar da ke gefen gado.