ZARE: Rigimar sama da shekara 50 kan yadda yaro zai koyi karatu

1/ Jama'a, ku matso. Yau zan ba ku tarihin wata rigima da Turawa suka daɗe suna yi: shin yaro ɗan shekara biyar ya fara da sautin harufa, ko ya haddace kalma ɗungurungum? Abin kamar wasa, amma miliyoyin yara ne suka kwana a ciki.

2/ Daga 1930 aka cika makarantun Amurka da littattafan Dick and Jane. A nuna wa yaro kalma da hoto, a yi ta maimaitawa har ya gane siffarta, kamar yadda yake gane fuskar mutum. Hujjarsu ita ce haddar harufa na gundurar yara.

3/ A 1955 Rudolf Flesch ya fitar da littafinsa Why Johnny Can't Read. Ya ce yaran nan canke suke yi kawai. Kalmar da ba su taɓa gani ba, ko sun san harufanta, sai su tsaya cak. Iyaye suka yi caa a kan makarantu.

4/ A 1967 Jeanne Chall ta Jami'ar Harvard ta tattara binciken da aka yi a baya, ta ce fara koyar da sautin harufa ya fi amfani. A wannan shekarar kuma Ken Goodman ya kwatanta karatu da wasan canke, inda mai karatu ke dogaro da ma'ana.

5/ Ra'ayin su Goodman ya samu karɓuwa. A aji sai ka ga yaro ya ci karo da kalma mai wuya, idonsa ya bar rubutun ya koma kan hoto, ko kan fuskar malama. Ya dubi harafin farko, ya canki sauran. In littafin na da hoto, lafiya lau. Ran da hoto ya ƙare, asiri ya tonu.

6/ Jihar Kalifoniya ta rungumi wannan tsari a 1987. Da aka yi jarrabawar karatu ta ƙasa a 1994, yaranta 'yan aji huɗu na can ƙasan jeri. Ba shi kaɗai ne dalili ba, ajujuwa ma sun cika maƙil, amma hankalin jama'a ya tashi.

7/ Yanzu mu tsallaka Sikotlan, wani ƙaramin yanki mai suna Clackmannanshire. Rhona Johnston da Joyce Watson suka ɗauki yara kusan 300 'yan aji ɗaya. Minti 20 kullum, na mako 16, wasu daga cikinsu na koyon furta sauti ɗaya-ɗaya su haɗa su zama kalma.

8/ Waɗannan suka tsere wa sauran, sai aka koya wa kowa hakan, aka bi su shekara bakwai. Sakamakon 2005: a karanta kalma sun wuce shekarunsu da shekara uku da rabi. Maza ma sun fi mata, abin da ba a saba gani ba.

9/ Amma ku lura da nan: a fahimtar abin da suka karanta, 'yan watanni kawai suka wuce shekarunsu. Sautin harufa na koya wa yaro furta rubutu. Gane ma'ana kuwa sai da hira, da tatsuniya, da tarin kalmomi.

10/ Ingila ta ɗauki darasi. Rahoton Jim Rose na 2006 ya ba da shawarar wannan hanya, sannan a 2012 aka fara gwajin 'yan shekara shida: kalma 40, rabinsu na ƙarya, da hoton ɗan dodo a gefe don yaro ya san ba kalmar gaske ba ce.

11/ Me ya sa na ƙarya? Don ba a haddace su, dole yaro ya haɗa sauti. A 2012 kashi 58 cikin ɗari suka ci, a 2019 kashi 82. Wasu malamai dai sun koka cewa yara masu ƙoƙari kan "gyara" kalmar ƙarya ta koma ta gaske, su rasa maki.

12/ Abin da ke ba ni sha'awa: makarantar allo ta daɗe da wannan tsari. Babbaƙu tukuna, sannan farfaru, sannan haɗawa. Bokon Hausa ma ya fi Turanci sauƙi, don Turanci na da harufa 26 amma sautuka kusan 44. Mu kuwa ka-za, kaza, shi ke nan.

13/ A ganina, yaron da ke ƙiriniya ko ɓuya a bayan aji lokacin karatu, kafin a kira shi daƙiƙi a gwada shi. Rufe hoton da hannu, ka rubuta masa "lafu" ko "timo". In ya haɗa, ya kama hanya. In ya tsaya kallonka, ku koma kan sauti, minti kaɗan kullum.

14/ Masu ƙanne da 'ya'ya a firamare, ku gwada yau da daddare ku faɗa min yadda ta kaya. A tura wa malamai su ma su tofa albarkacin bakinsu.