Inji mai biyayya da madubin da ke bin rana: wani babi na tarihin fasaha a Yamai, 1965-1998

1. Shimfiɗa

Manufar wannan maƙala ita ce duba wata tambaya da ta sha tasowa cikin aikin makamashin rana a Nijar: shin ya kamata na'ura ta motsa tana bin rana, ko kuwa a kafa ta wuri guda a haƙura da abin da ta samu? A ido tambayar ta masu ƙira ce kawai. Amma idan aka bi diddiginta za a tarar ta shafi kuɗin ƙasa da horon makanikai da irin dogaron da ƙauye ke yi da birni, birni kuma da Turai. Tsakiyar tambayar akwai wani ƙaramin inji da Faransawa ke kira servo-moteur, wanda a nan za mu kira inji mai biyayya.

2. Asalin kalmar da asalin na'urar

Injiniya Joseph Farcot na Faransa ne ya raɗa sunan, ya kuma yi masa littafi a shekara ta 1873. Tushen kalmar shi ne servus na Latin, wato bawa. Abin da Farcot ke nufi shi ne inji mai ƙarfin gaske wanda ke bin hannun mai sarrafa shi taki-taki: ya tafi in an ce tafi, ya tsaya daidai inda aka ce tsaya. Kafin shi, a 1866, John McFarlane Gray ya ƙera injin tururi mai juya akalar babban jirgin ruwan nan Great Eastern bisa wannan dabara. An iya fassara sunan da "injin-bawa", sai dai kalmar na da nauyi cikin tarihinmu, kuma ba ta bayyana aikin. Linzami ya fi kusa da ma'anar. Mahayi ba ya da ƙarfin doki, amma ta linzami yana jin inda kan dokin ya nufa, yana gyarawa.

Wannan jin shi ne ya raba inji mai biyayya da injin niƙa ko na ban-ruwa. Injin niƙa juyawa kawai yake yi. Mai biyayya kuwa sassa huɗu gare shi: abin da ke auna inda aka kai, abin da ke gwada hakan da inda ake son kaiwa, abin da ke ƙara wa saƙon ƙarfi, sai injin kansa da ƙafafunsa masu haƙora. Kuskuren da ya rage shi ke tuƙa injin, da kuskuren ya ƙare sai ya tsaya. Lissafin wannan ya samu gindi da aikin Maxwell na 1868, da na Minorsky na 1922 kan tuƙin jiragen ruwa, da na Hazen na 1934. Abin lura a nan shi ne, sassa huɗu na nufin ƙofofi huɗu na lalacewa.

3. Dalilin son madubi

Injin da ke aiki da zafi yana samun ƙarfinsa ne daga tazarar da ke tsakanin wuri mai zafi da wuri mai sanyi. Shimfiɗaɗɗen faranti baƙi da aka rufe da gilashi yana iya kai ruwa wajen digiri 75. Idan ruwan rijiya mai digiri 30 ne ke sanyaya injin, ƙa'idar Carnot ta ce ko da komai ya yi daidai ba za a mayar da fiye da kashi 13 cikin 100 na zafin ya zama aiki ba, a zahiri kuma abin da ake samu daga hasken da ya sauka bai wuce kashi 1 ko 2 ba. Madubi mai siffar kwami, wanda ke tara haske kan bututu guda, yana kai digiri 200 cikin sauƙi, iyakar Carnot kuma ta haura zuwa kashi 36. Duk masanin kimiyyar lissafi da ya ga waɗannan alƙaluma biyu zuciyarsa za ta karkata ga madubi.

Sai dai madubi ba ya aiki sai yana kallon rana ido da ido. Rana tana tafiyar digiri 15 a awa, wato digiri 1 kowane minti 4, kuma kaucewa kaɗan ta isa hasken ya zame daga bututun. Ke nan ko dai a aje mutum yana juya madubin yini zubur, ko a sa agogo, ko a sa inji mai biyayya. Ba yau aka fara wannan a Afirka ba. A 1913 Ba'amurke Frank Shuman ya kafa dogayen madubai biyar masu bin rana a Ma'adi, kusa da Alƙahira, suna tuƙa injin da ke ɗebo ruwan Nilu. Yaƙin duniya na farko da arhar man fetur suka kashe aikin.

4. Hanyoyi biyu a Yamai

An kafa ofishin makamashin rana na Nijar, ONERSOL, a 1965. A 1969 Abdu Mumuni Diofo, haifaffen Tasawa a 1929, ya dawo daga Bamako inda ya kafa ɗakin binciken makamashin rana na Mali, ya karɓi ragamar ofishin har zuwa 1985. Digirinsa na dakta, na 1967, kan yadda haske ke taruwa ne a cibiyar madubi, don haka mutumin madubi ne tun asali. Ƙarƙashinsa ofishin ya haɗa gwiwa da kamfanin Spilling na Hamburg wajen ƙera inji mai aiki da zafin rana. Wannan ita ce hanya ta farko.

Hanya ta biyu daga Dakar ta taso, wurin Henri Masson da Jean-Pierre Girardier. Su sun zaɓi shimfiɗaɗɗen faranti da gangan: babu madubi, babu bin rana, babu ko waya guda ta lantarki. Zafin da aka samu yana tafasa wani ruwa mai saurin zama tururi, tururin ya tura fistan, fistan ya ja ruwa. An kafa irin wannan famfo a Bossey-Bangou, kusa da Yamai, a 1969. Kamfanin SOFRETES da Girardier ya kafa a 1973 ya yaɗa su har Meksiko, ya kuma gina babbar tasha mai kilowat 75 a Dire ta ƙasar Mali. Hujjarsu mai ƙarfi ce: rana kyauta take, don haka ɓarnar haske ba asara ba ce, asara ita ce na'urar da ta tsaya.

A ganinmu, hujjar ta yi daidai amma ba su kai ta ƙarshe ba. Sun kore inji mai biyayya, sun bar fistan da bawul da robobin toshe iska da ruwan tururi wanda ke zurarewa ta kowace ƴar kafa. Tashar Dire ba ta daɗe tana aiki ba, SOFRETES kuma ya rufe a 1983. Masu nazarin tarihin kamfanin, irin su Frédéric Caille, sun nuna cewa shawarwarin siyasa da na kuɗi a Faransa na da hannu cikin mutuwarsa, kuma wannan gaskiya ne. Amma bai canza abin da mutanen ƙauye suka gani ba, wato famfon da ya tsaya yana jiran wanda zai zo daga nesa.

Wani abin sha'awa shi ne, cikin duk abin da ONERSOL ya ƙera, wanda ya fi shiga gidaje da asibitoci shi ne tukunyar ɗumama ruwa. Ba ta da inji ko kaɗan. Ruwan zafi ne ke hawa da kansa, na sanyi ya sauko.

5. Abin da Sahel ke yi wa inji mai biyayya

A nan ya kamata mu ɗan daɗe, domin nan ne darasin zaɓen inji yake. Ƙaramin injin lantarki na juyi 1 500 a minti, madubi kuwa gudun juyi ɗaya a kwana yake bukata. Ragin da ake nema ya kai 2 160 000 zuwa 1. Ko da injin zai riƙa tashi yana tsayawa, dole a jera ƙafafu masu haƙora da yawa, kuma kowace gaɓa na da ɗan wasa tsakanin haƙoranta. Ƙurar hunturu in ta haɗu da man shafawa sai ta zama kamar garin wasa wuƙa. Haƙora su ci juna, wasan ya ƙaru, injin ya shiga kai da komo yana neman inda zai tsaya bai samu ba.

Na biyu, injunan wancan zamani masu saurin sarrafuwa na da ƴan sandunan gawayi, waɗanda makanikai ke kira sharbon, masu gogar jan ƙarfe suna ba shi wuta. Suna cinyewa ko a ɗaki mai tsabta, balle a fili. Na uku shi ne zafi. Masu ƙira na da ƙiyasin cewa duk ƙarin digiri 10 yana raba rayuwar rufin waya gida biyu, kuma akasarin injuna an auna ƙarfinsu ne bisa iska mai digiri 40. A Yamai cikin Afrilu da Mayu inuwa kanta tana wuce haka, injin kuma cikin akwatin ƙarfe yake, a tsakiyar rana.

Na huɗu ya fi duka dabara. Idon na'urar galibi ƴan faranti biyu ne masu jin haske da shamaki tsakaninsu, in inuwa ta faɗa kan ɗaya sai injin ya juya. Ranar da hazo ya rufe gari babu inuwa, ido ya makance. Madubin kansa ma ba ya cin hasken da ya watsu cikin hazo, sai wanda ya zo kai tsaye, alhali shimfiɗaɗɗen faranti na cin duka biyun. Sannan ga guguwar da ke gabatar ruwan farko, wadda ke ɗaukar madubi kamar tabarma. Injin da aka zaɓa don nauyin madubi kaɗai, ba a lissafa iska ba, haƙoransa ne ke biyan bashin.

Bayan duk wannan akwai farashi. Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Duk wani abin gyara da ake odarsa daga waje ya ninka kuɗi cikin dare guda.

6. Wanda ya ci gasar

Tun 1968 aka jarraba farantan da ke mayar da haske lantarki don kunna talabijin na makarantu kusa da Yamai. Lokacin tsadarsu ta hana a yi musu zaton ɗebo ruwa. A ƙarshen shekarun 1970 ƙungiyar Mali Aqua Viva ta Fada Bernard Verspieren ta nuna cewa ana iyawa, kuma cikin shekarun 1990 shirin rana na ƙasashen CILSS ya kafa ɗaruruwan irin waɗannan famfuna, har da Nijar. Farantan kafaffu ne, suna fuskantar kudu. Inji guda ne ya rage, ba shi da sharbon, a rufe yake ruf, yana can ƙasan rijiya inda ruwa ke sanyaya shi kuma ƙura ba ta kai masa. A 1998 aka mayar da ONERSOL cibiyar CNES. Tashar Malbaza mai megawat 7 ta 2018 da ta Goru Banda mai megawat 30 ta 2023 duk na farantan lantarki ne.

Ba za a ce hanyar Abdu Mumuni ɓata ce ba. Madubin kwami ya yi aiki a Kalifoniya tun 1984, haka ma a tashar Noor ta farko a Warzazat ta Maroko, mai megawat 160, wadda aka buɗe a 2016. Amma waɗannan wurare ne da ke da ma'aikata na dindindin masu wanke madubi da ɗakin ajiyar kayan gyara. Ita ma na'urar ta canza. Maganaɗisun niyodimiyam da aka bayyana a 1984 ya ba da ƙananan injuna marasa sharbon masu ƙarfi, kwamfuta kuma tana lissafa matsayin rana daga kwanan wata da sa'a, don haka hazo ba ya makantar da ita.

Ɗaliban jami'ar da ke ɗauke da sunansa tun 1992, da na makarantar EMIG, suna haɗa hannun mutum-mutumi da ƴan na'urorin bin rana da ƙananan injuna masu biyayya da ake samu da arha. Da yawansu haƙoran roba gare su, ma'auninsu kuma siririn ƙarfe ne mai gogar gawayi, wato ƙanen sharbon ɗin nan. Takardar da ke zuwa da su tana faɗin ƙarfin da injin ke yi lokacin da aka danne shi ya kasa motsi, wanda ba ya jurewa sai na ɗan lokaci, ba ƙarfin da zai iya yini yana bayarwa ba. Ga aikin da za a nuna wa malamai cikin aji sun wadatar. Wanda za a kai Karma ko Tabalak a bari kuwa yana bukatar haƙoran ƙarfe cikin akwati rufaffe, da ma'aunin maganaɗisu wanda ba ya gogar komai, da rarar ƙarfi saboda iska, da kuma sanda ta hannu wadda mai gadi zai iya kafe farantin da ita yana fuskantar kudu ranar da injin ya ƙi.